Zancen Kasuwa: Wa Za Ka Ƙi Sayar Wa?

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga taron ƙungiya, jama'a ba su watse ba sai da aka kira magariba, saboda wata magana da wani ɗanmu ya zo da ita daga Dubai. Yaron nan ya daɗe yana riƙe da ɗan shago a Deira, wajen Naif, inda fatakenmu su ke sauka, yana sayar da yadi da turare da akwatuna, yana kuma haɗa wa mutane kago zuwa Tema. Ya ce wata rana waɗansu samari biyu suka shigo masa, daga irin shigarsu da yadda su ke magana ya yi zaton 'yan luwaɗi ne. Suka zaɓi turare da akwati, suka biya ba su nemi ragi ba, suka yi sallama suka fita. Tun ran nan zuciyarsa ba ta kwanta ba. Yana so ya sani, kuɗin nan da ya karɓa halal ne? Da ya kore su, da ya yi abin kirki? In kuwa ya kore su, hukumar Dubai za ta kama shi ko za ta yaba masa?

Nan take dattawa suka rabu biyu. Wani Alhaji ya ce kanti nasa ne, guminsa ne, wanda ya ga dama shi zai sayar wa. Wani kuwa ya ce kasuwa ba masallaci ba ce, ba a tambayar mutum alwala a bakin ƙofa. Aka yi ta ja-in-ja har shayi ya huce. Muka yi alkawari za mu bi diddigin abin mu kawo shi a wannan fili, to, ga shi mun cika.

Tun da fari mu kawar da abu guda daga hanya. Hukuncin aikin kansa a addini ba shi ne abin gardama ba, babu wanda ya yi musunsa a wurin taron, mu ma ba mu ɗauki alƙalami don mu sāke shi ba. Maganarmu ta ciniki ce, watau abin da ke tsakanin mai kanti da mutumin da ya tsaya a gabansa da kuɗi a hannu.

Bari mu fara da Dubai, tun da daga can tambayar ta fito. Wanda bai taɓa zuwa ba ya sani cewa cikin kowane mutum goma da ke zaune a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kusan tara baƙi ne. Indiyawa, mutanen Pakistan, na Filifin, Turawa, Sinawa, da mu baƙar fata, duk an haɗu. In ka tsaya a bakin ruwan Deira inda a ke shiga ƙananan jiragen ruwan nan na fito, sai ka ce duniya ce aka juye cikin ƙwarya guda. Gari irin wannan ba ya zaunuwa in kowa zai kori wanda bai yi masa ba. Saboda haka cikin 2015, zamanin Shaihu Halifa ɗan Zayid, aka kafa Doka ta 2 ta hana wariya da ƙiyayya. Ta hana a bambanta mutane saboda addini, ko aƙida, ko mazhaba, ko launin fata, ko asali. Cikin 2019 aka ƙara a ciki cewa kada a bambanta namiji da mace. Cikin 2023 aka sāke ta da Doka ta 34. Horonta ba wasa ba ne, akwai ɗauri, akwai tarar da ta fara daga dirhami 500,000, watau fiye da dalar Amurka 130,000. Mai shagon da ya ce ba ya sayar wa Kirista, ko ɗan Hindu, ko ɗan Shi'a, ko baƙar fata, ya san ya taka wutsiyar damisa.

Amma fa cikin jerin nan duka babu 'yan luwaɗi, babu 'yan maɗigo. Dokar ba ta ambace su ba, domin aikin kansa laifi ne a dokar ƙasar, ana ɗaure mutum a kansa, baƙo kuma ana iya korarsa. Ko da ya ke tun daga watan Nuwamba 2020 an sassauta abubuwa da dama, an daina hukunta namiji da mace don kawai suna zaune gida ɗaya ba aure, an sassauta maganar giya, wannan ƙofa ba a buɗe ta ba. Saboda haka amsar tambayar yaronmu ta uku mai sauƙi ce a takarda: waɗannan samari ba su da wata aya a dokar wariya da za su kafa da ita a kan wannan dalili. Sai dai mai kanti a Dubai ba sarkin kansa ba ne. Lasin ɗinsa a hannun hukumar tattalin arziki ta Dubai ya ke, zamansa a ƙasar kuwa biza ce ta riƙe shi. In ya zagi mutum a bainar jama'a, ko ya laƙa masa sunan da ba zai iya tabbatarwa ba, zagi da ɓata suna laifi ne a can, ko da ta wayar hannu aka yi. Mutum na iya shiga da niyyar kare addini ya fito da sammaci.

Abin da ya fi ba mu mamaki kuwa shi ne yadda al'amarin ya juya a Dubai. A ƙasashen Turawa mai kanti ne ke kukan hukuma ta tilasta masa ya sayar, a Dubai kuwa hukuma ce ke cewa kada ka sayar. Cikin watan Yuni 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa Gwamnatin Daular ta matsa wa kamfanin Amazon, wanda ya sayi kasuwar intanet ta Souq ta Dubai cikin 2017, ya kawar da kayan da suka shafi wannan al'amari. Kamfanin ya toshe kalmomi fiye da 150 yadda in ka neme su ba za ka ga kome ba, ya janye waɗansu littattafai, ya ce dole ne ya bi dokar ƙasar da ya ke ciniki a cikinta. Ku duba fa, wannan kamfani ne da a lokacin, a gidansa Amurka, ya ke nuna goyon bayansa ga mutanen nan a fili. Cikin wannan watan dai aka hana nuna fim ɗin yara mai suna Lightyear a gidajen sinima na ƙasar. A maƙwabciyarta Saudiyya kuma, a Riyad, ma'aikatan ciniki suka bi kantuna suna kwashe kayan wasan yara da tufafi masu launin bakan gizo.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, ya ku fatake. Wanda ke saro kayan yara a Dragon Mart, ko ya ke kai kaya Jidda da Makka lokacin Umra, ya riƙa duban launin abin da ya ke lodawa. Mu da muka tashi cikin kente da atamfa, inda ja da rawaya da kore da shuɗi ke haɗuwa a ƙyalle guda ba wanda ya kawo kome a ransa, ba mu taɓa zaton wata rana bakan gizon da Allah ya ke fitarwa bayan ruwa zai zama abin da zai sa a riƙe wa mutum kwantena ba.

To, yanzu mu leƙa inda aka fi yin wannan shari'a, domin yaranmu da ke Bronx da Landan da Hambug suna cikinta tsundum. Cikin 2012, a garin Lakewood na jihar Kolorado a Amurka, maza biyu suka je wani kanti mai suna Masterpiece Cakeshop suka ce a yi musu kek na aurensu. Mai kantin, Jack Phillips, Kirista ne mai riƙo. Ya ce zai sayar musu da kowane irin abu da ke kantin, amma ba zai ƙera kek na auren jinsi ba. Suka kai ƙara, hukumar jihar ta kama shi da laifi. Aka yi ta hawa har Kotun Ƙoli, ran 4 ga Yuni 2018 alƙalai 7 suka goyi bayansa, 2 suka ƙi. Sai dai ba su ce yana da ikon ƙin kowa ba. Abin da suka ce shi ne hukumar jihar ta nuna ƙyama ga addininsa sa'ad da ta ke sauraron ƙarar, saboda haka hukuncinta ya ɓaci. Ainihin tambayar suka bar ta a rataye. Sai ran 30 ga Yuni 2023, cikin shari'ar wata mai tsara shafukan intanet a wannan jiha dai, alƙalai 6 a kan 3 suka ce ba a tilasta wa mutum ya tsara maganar da bai yarda da ita ba.

Ta Birtaniya ta fi fitowa fili. Cikin 2014 a Belfast wani mutum ya biya fam 36 da fenni 50 a gidan burodi na Ashers, ya ce a rubuta masa kalmomin goyon bayan auren jinsi a kan kek. Suka mayar masa da kuɗinsa. Kotun farko ta ci su tarar fam 500, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Ran 10 ga Oktoba 2018 alƙalan Kotun Ƙoli biyar, baki ɗaya, suka wanke su. Hujjarsu ita ce masu burodin ba mutumin suka ƙi ba, domin sun sha sayar masa a da, rubutun suka ƙi, kuma ko wane ne ya kawo wannan rubutu za su ƙi shi. A kan kek na fam 36 aka kashe fam dubu ɗaruruwa wajen lauyoyi. Mu 'yan kasuwa wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa mu zufa.

Amma kada wani ya ji wannan ya ce ashe mai sana'a kullum shi ke ci. Kotun nan dai, cikin Nuwamba 2013, ta kayar da waɗansu mata da miji Kiristoci masu ƙaramin otal a Cornwall, waɗanda cikin 2008 suka hana maza biyu ɗaki mai gado ɗaya. Suka ce gidansu ne, imaninsu ne. Kotu ta ce tun da kun buɗe ƙofa kuna karɓar kuɗin jama'a, ba ku da ikon zaɓe. Watau alƙalan Birtaniya sun ja layi tsakanin abu biyu, haja da magana. Haja ta kowa ce, magana ta mai ita ce.

Alhajin da ya ce kantinsa ne, wanda ya ga dama zai sayar wa, muna girmama shi ƙwarai, ya girme mu, kuma mun san ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Amma muna roƙonsa ya tuna da wani labari da tsofaffinmu suka sani. Cikin Oktoba 1957, wata bakwai bayan Gana ta sami mulkin kai, Ministan Kuɗi Komla Gbedemah yana tafiya a Amurka, ya tsaya a gidan abinci na Howard Johnson's a garin Dover na jihar Delaware, ya nemi ruwan lemo. Aka ƙunsa masa aka ce ya fita da shi waje, baƙar fata ba ya zama ya sha a ciki. Ministan ƙasa guda, wanda ya karɓi baƙuncin Mataimakin Shugaban Amurka Nixon a Ankara cikin watan Maris na wannan shekara! Abin ya zama abin kunya har Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa don ya wanke laifin. Masu wannan gidan abinci ba su ce kome ba face abin da Alhajinmu ya ce: wurinmu ne.

Har da addini aka yi garkuwa. Bayan Amurka ta kafa dokar 'yancin jama'a ta 1964 wadda ta hana gidajen abinci da otal korar baƙar fata, wani mai gidajen gashin nama a jihar Karolina ta Kudu, masu suna Piggie Park, ya ce wa kotu imaninsa ne ya hana shi haɗa fari da baƙi a tebur ɗaya. Kotu ta ƙi karɓa, cikin 1968 Kotun Ƙoli ta ce hujjar wofi ce. Da an karɓa masa, da 'ya'yanmu da ke tuƙin tasi a New York har yau suna cin abinci a tsaye ta bayan gida.

Za a ce mana ai launin fata halitta ce, wancan kuwa aiki ne, ba a haɗa su. Mun ji, kuma akwai gaskiya a nan da ba mu raina ba. Amma mai kanti ba aikin ya gani ba. Yaronmu na Deira bai ga kome ba sai wando da lanƙwasar murya. Abin da ya gani mutum ne, abin da ya yi kuwa zato. In aka ba kowane mai shago ikon ya kori mutum bisa zato da sunan addininsa, to wuƙar nan ba a hannunmu kaɗai za ta zauna ba, kuma mu mutanen zongo mun fi kowa sanin kaifinta, domin a kusan ko'ina mu ke zaune mu ne marasa yawa.

Ko an manta da ran 18 ga Nuwamba 1969, da Gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda kwana 14 su fice? Akwai masu karanta wannan takarda da suka ga iyayensu suna sayar da gida da rumfa a kan kuɗin goro, suna hawa manyan motoci, waɗansu an haife su a Kumasi ko Salaga ba su taɓa ganin Kano ba. Cikin 1970 aka biyo da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa. Cikin Janairu 1983 Nijeriya ta rama, ta kori mutanen Gana wajen miliyan guda, jakar da suka zuba kaya a ciki har yau da sunan wannan kora a ke kiranta. A Dubai ɗin nan ma, daga Oktoba 2022 zuwa Yuli 2024 an rufe wa 'yan Nijeriya ƙofar biza gaba ɗaya, saboda laifin waɗansu aka haɗa da Alhazan da suka shekara ashirin suna ciniki ba su taɓa cin kwabon kowa ba. Kowane ɗayanmu ya san yadda ciki ke yi in aka dubi fasfo ɗinka, ko sunanka, ko hularka, aka ce ba a yi da irinku.

Ga wata kuma ta kusa. Cikin azumin 2021 makarantar 'yan mata ta Wesley Girls a Cape Coast ta hana ɗalibai Musulmi yin azumi. Hukumar ilmi ta Gana ta ce a bar su, cocin Methodist ya ce makarantarsa ce, tsarinsa ne. Zongo duka ya tashi tsaye, mu ma mun yi magana. Da me muka kafa hujja? Da tsarin mulkin 1992, sashe na 17 da ya hana wariya saboda addini, da na 21 da ya ba kowa 'yancin ibada. Ran nan ba mu yarda da maganar "gidana ne, imanina ne" ba. Muka ce wanda ya buɗe ƙofarsa ga jama'a ya karɓi jama'a yadda su ke. Ba ya kyautuwa mu ci da wannan hujja da safe, mu tofar da ita da yamma.

To, malamanmu fa, me suka bar mana? Mu da sarakunan Dubai mazhaba ɗaya mu ke bi, ta Imamu Malik, kuma malaman Malikiyya sun fi kowa tsanani wajen toshe kafar ɓarna. Su ne suka ce ba a sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa, ba a sayar da makami ga wanda ka san fitina zai tayar. Amma ku lura da sharuɗɗan nan biyu da ke ciki: sai ka sani, kuma sai hajar ita ce za ta zama makamin saɓon. Akwati ba makamin saɓo ba ne, shinkafa haka, sabulu haka, maganin zazzaɓi haka. Ba mu taɓa jin malamin da ya ce a hana mashayi sayen gero ba, ko a hana mai cin riba sayen takalmi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa, wannan yana cikin Buhari. In saɓanin aƙida ɗungum bai hana ciniki ba, yaya zaton zunubi zai hana?

Sa'an nan Suratul Hujurati ta hana mu yawan zato, ta hana mu binciken asirin mutane. Abin da samarinmu ba su cika sani ba kuwa shi ne, a fiƙihun Malikiyya wanda ya jefi mutum da luwaɗi bai kawo shaidu huɗu ba, shi ne za a yi wa bulala tamanin ta ƙazafi. Watau a gaban alƙalin Musulunci, mai shagon da ya ɗaga murya ya ce fita ɗan kaza, shi ne ya fi kusa da bulala, ba wanda aka kora ba. Muna faɗin wannan da nauyin zuciya, domin ƙungiyar Human Rights Watch cikin rahotonta na Janairu 2018 ta kawo labarin mutanen da aka yi wa dūka bisa wannan zargi a garuruwan Gana, har da Nima. Wannan ba aikin addini ba ne, ba kuma tarbiyyar zongo ba ce, duk dattijon da ya ga yara sun taru kan mutum ya yi shiru yana da rabonsa na alhaki.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wane ne cikinmu ya bi tashoshin mota na Kano da Katsina da Maraɗi bai taɓa cin tuwo ko soyayyar kaza daga hannun 'yan daudu ba? Ba mu ce kowane ɗan daudu yana wancan aiki ba, Allah ya tsare mu da ƙazafin da muka gama magana a kansa. Abin da mu ke nufi shi ne kakanninmu sun ga mutanen da ba su yarda da ɗabi'arsu ba, malamai suna musu wa'azi, amma aka bar su suna saye suna sayarwa, mahauci bai hana su nama ba, mai itace bai hana su itace ba. Ba wanda ya ce imanin mahaucin ya ragu.

Saboda haka ga abin da muka gaya wa yaronmu. Kuɗinsa halal ne, turare ya sayar, akwati ya sayar, ya auna daidai, ya faɗi gaskiyar kaya. Da ya kore su, da ya zalunci mutum biyu bisa zato, ya kuma sa lasin ɗinsa cikin hatsari a banza. Amma inda za a zo wa mai ɗab'i a ce ya buga takardar kiran jama'a zuwa ga abin da ya ke ganin haramun ne, ko a ce wa tela ya ɗinka tuta, ko a ce wa maroƙi ya yi kirari, a nan muna tare da mai sana'a, yana da ikon ya ce a kai wani wuri, cikin ladabi, ba zagi ba tonon asiri. Kuma in mun nemi wannan iko, dole mu bar wa Kirista mai ɗab'i nasa in ya ce ba zai buga mana takardar wa'azin da ke rushe aƙidarsa ba. A Dubai wannan tambaya ba ta ma tasowa, hukuma ta riga ta amsa wa kowa. A Landan da New York ne yaranmu za su gamu da ita, kuma su sani layin yana da siriri: hajar da ke kan kanta ba a hana kowa, wanda ya hana zai biya tara, ko ya rasa shagon.

Inda muka tsaya ba mu iya yanke magana ba shi ne wajen masu gidaje. Zongo da saukar baƙi aka kafa shi, sunansa ma ke nan, wurin da ayari ke yada zango. Tun zamanin fataucin goro na Gwanja, mai gida shi ke ba fatake ɗaki, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu wajen dillalai, ba ya tambayar baƙo abin da ya baro a garinsu. Maza biyu, uku, har biyar su kwana ɗaki guda, haka a ke yi a otal-otal ɗin Naif har gobe, don a rage kuɗin kwana, ba wanda ya kawo wani abu a ransa. To, in wannan zato ya shigo mana gida, wa zai tsira? Fatake biyu daga Yendi da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki, sai a bi su da kallo?

Dokokin ƙasashenmu kuma suna matsowa kusa da mai gida. A Nijeriya dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu cikin Janairu 2014 ta yanke ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka, saboda haka mai ba da hayar zauren biki ko rumfa da kujeru ya shiga lissafi. A Gana Majalisa ta zartar da nata ƙudurin ran 28 ga Fabrairu 2024, mai ɗaurin da ya kai shekara 3 ga mai yi, shekara 5 ga mai tallatawa ko ɗaukar nauyi. Ma'aikatar Kuɗi ta yi gargaɗin ƙasar na iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya. Kotun Ƙoli ta kori ƙararrakin da aka kai a kansa ran 18 ga Disamba 2024, Shugaba Akufo-Addo ya sauka cikin Janairu 2025 bai sa hannu ba, ƙudurin ya faɗi tare da tsohuwar Majalisa, aka sāke gabatar da shi cikin 2025. Shugabanninmu na addini da yawa sun goyi bayansa, ba mu zo jayayya da su a wannan fili ba. Namu dai shi ne mu ce wa masu gidajen haya da masu masauki, duk dokar da ta fito a kan wannan, ku sa a karanta muku ita aya aya kafin ku yi tafi, ku ji ko ta ɗora muku aikin leƙen ɗakin ɗan haya, domin wanda aka ce ya kai rahoto in bai kai ba shi a ke kamawa, in ya kai na ƙarya kuma ƙazafi ya hau kansa.

Mun roƙi Sakataren ƙungiya ya sa maganar masu gidaje cikin abin da za a tattauna a zama mai zuwa, a gayyato limamanmu biyu da ɗaya daga cikin 'ya'yanmu lauyoyi. Alhajin da ya ce kantinsa ne ya yi alkawari zai zo da tasa hujjar, mun kuma ce masa in ya rubuto za mu buga ta a nan ba tare da mun rage ko harafi ba. Yaron kuwa jirginsa ran Alhamis ne, masu saƙon kaya zuwa Deira su same shi kafin Laraba da la'asar.